Ina Rariyar Talaka?

 A makon nan mun ajiye maganar kujera da ta masu sauya sheƙa, za mu yi magana a kan abin da bai fi ƙwayar dawa girma ba, watau ƙwayar takin zamani. Mun san manya za su yi dariya a ofisoshinsu masu sanyi, su ce jaridar 'yan hamayya ta rasa abin faɗi har ta koma ƙirga tsaba. To, su yi ta dariya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma wanda bai taɓa sayar da akuyarsa ya sayi buhun taki ba, ina zai san darajar ƙwaya guda?

Tun da shuka ta tsaya bana ƙofar ofishin jam'iyya ba ta huta ba. Mutane daga ƙasar Dambatta da Makoda da Bichi da Tsanyawa da Minjibir suna ta zuwa, kukansu kuwa kusan iri ɗaya ne. A cikinsu akwai wani dattijo da ya zo da ƙulli biyu a aljihun rigarsa, ya kwance ya zube a kan tebur, ya ce, "Malam Akawu, ku da kuka yi boko, ku duba mini wannan. Buhu guda muka saya, ni da ƙanena muka haɗa kuɗi. Ni na ɗebi na sama, shi ya tafi da na ƙasa. Rana ɗaya muka zuba, gonakinmu iyaka ɗaya, gadon uba ɗaya. Ga dawarsa can ta yi kore shar, tawa kuwa ta yi ɗorawa kamar mai shawara. Shin taki ma ya fara son kai ne?"

Muka ce, "Baba, zauna ka sha ruwa, yau sai mun ga ƙarshen maganar." Muka aiki yaro maƙwabta ya aro mana faifai da rariyar waya mai manyan idanu. Da muka tankaɗe ƙullin ƙanen, sai ga ƙananan ƙwayoyi farare fat suna zubowa kamar tsabar gero. Da muka tankaɗe na dattijon, kusan duk ya tsaya a kan rariya, manyan ƙwayoyi masu ruwan toka da 'yan jajaye tsilli-tsilli. Muka zuba kowanne a kofin ruwa muka motsa. Fararen nan suka narke, kofin ya yi sanyi a hannu. Masu ruwan tokar kuwa da yawansu suka kwanta a gindin kofi, ko gezau. Dattijon ya yi shiru, can ya nisa ya ce, "Ashe dutse na zuba wa dawata."

Ba za mu faɗi sunan da ke jikin buhun nan ba, domin buhu ma yakan yi ƙarya. Kowa ya san ana sayen tsofaffin buhuna a sake cika su a ɗinke. Amma za mu faɗi yadda aka yi ɗan'uwa ya sami taki, ɗan'uwansa ya sami dutse, daga buhu guda, kuma za mu faɗi wanda alhakin ke wuyansa.

ƘASAR DA BA TA HUTU

Da farko sai a san irin ƙasar da muke magana a kanta. Daga ganuwar birni ka nufi arewa, ko ta hanyar Katsina ko ta hanyar Daura, ba ka ganin daji. Gona ce ke bin gona, gida na bin gida, sai itatuwan kuka da ɗorawa da gawo a tsakani. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya auna ƙasar nan a shekarun 1960, ya nuna wa duniya cewa kewayen Kano yana cikin karkarar da ta fi cika da mutane a Afirka ta Yamma, kuma ana nome gonakinta kowace shekara ba hutu. Abin da ya riƙe ƙasar tun kakanni shi ne taki. Da rani jaki da mangala ba su zauna ba, ana ɗebo takin turke da tokar murhu da sharar birni ana jibgewa a gona.

Yau mutane sun ninka, gonar da uba ya nome shi kaɗai 'ya'ya biyar sun raba, takin gida kuwa bai ninka ba. Ƙasar jigawa ce, yashi ya fi yawa, ba ta riƙe abinci, ruwa ɗaya mai ƙarfi sai ya wanke shi ya yi ƙasa. Damina kuma wata huɗu ce, in ta yi kyau. Inda ƙasa ta gaji, nan ƙuduji ke samun gindin zama. Saboda haka manomin nan ba shi da damar yin kuskure sau biyu a shekara. In takin da ya zuba bayan noman fari bai yi aiki ba, ba shi da kuɗin sayen wani, kuma ko ya samu, lokaci ya wuce. Mai gona kadada ɗari in buhu ɗaya ya ɓaci ba zai ji a jikinsa ba. Mai gona taƙi kaɗan, rabin buhun nan shi ne tuwon gidansa daga Fabrairu har sabon gero.

YADDA AKE YIN ƘWAYAR

Farin takin nan da muke kira yuriya, a cikin kowane kilo 100 nasa akwai kilo 46 na naitirojin, watau abincin da ke sa ganye ya yi kore, kara ya miƙe. Daga iskar gas ake yin sa, kuma hanya biyu ake bi wajen mai da shi ƙwaya. Hanya ta farko, a narkar da shi a fesa daga ƙolin wata doguwar hasumiya, ɗigon ya daskare yana faɗowa kamar ƙanƙara. Wannan ƙwayarsa ƙanana ce, wajen milimita 1 zuwa 2, ba ta da ƙarfi, tana saurin farfashewa. Hanya ta biyu, a riƙa fesa narkakken a kan 'yan ƙwayoyi suna juyawa, yana hawa kansu hawa-hawa har su kai milimita 2 zuwa 4. Wannan ya fi tauri, ya fi jure ɗauka da saukewa. A masana'anta ta ƙwarai akwai rariya iri-iri kafin a kai ga buhu: wanda ya cika girma a niƙe a mayar, wanda ya cika ƙanƙanta shi ma a mayar, sai matsakaici ne zai fita.

Mu ba ma ƙara wa miya gishiri, don haka sai mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa maganarmu daɗi ba. Ƙanƙantar ƙwaya ita kaɗai ba algus ba ce. Yuriya mai ƙananan ƙwaya da mai manya, in duka na gaske ne, ƙarfinsu ɗaya a kan sikeli. Inda gizo ke saƙar shi ne in an haɗa manya da ƙanana a buhu guda, musamman in kowane girma abu daban ne.

LISSAFIN BUHU GUDA

Takin da muke kira kamfa iri biyu ne, ko da yake a kasuwa suna ɗaya ake kiransu. Akwai wanda aka dafa abincin shuka uku a cikin kowace ƙwaya, duk wadda ka ɗauka tana ɗauke da naitirojin da fosfet da fotash. Akwai kuma na haɗi, wanda aka zuba abubuwa daban-daban a inji aka gauraya su a bushe, kamar yadda ake gauraya shinkafa da wake kafin a ɗora. Tun daga watan Disamba na 2016, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Maroko ta buɗe shirin taki na Shugaban Ƙasa, irin na haɗin nan ne ya cika kasuwanninmu. A 2017 an ce a sayar da buhun 20-10-10 a kan Naira 5,500. Kowa ya san inda farashin ya kai yau, ya ninka ya sake ninkawa.

To, mu da aka koya wa lissafi da bulala a makarantar Mishan, bari mu yi muku lissafin buhu guda mai kilo 50 na 20-10-10. Domin a sami abin da aka rubuta a jikinsa, sai an zuba wajen kilo 18 na yuriya, kilo 11 na fosfet irin wanda ake kira DAP, kilo 8 na jan fotash, sauran wajen kilo 13 kuwa dutsen farar ƙasa ne da aka mulmula don ya cika awo. Watau fiye da rubu'in buhun ciko ne. Wannan ba laifi ba ne in an haɗa daidai, domin haka lissafin ya kama. Sharaɗi ɗaya ne tak, kuma duk masu haɗa taki na duniya sun san shi: dole ƙwayoyin nan huɗu su zo kusan girma ɗaya. In ba haka ba, haɗin ba zai zauna ba.

Wannan ba sai an je jami'a ba. Ku tambayi matan gidajenku. In mace ta ɗora ɓarzajjen hatsi a faifai ta kaɗa, tsaki yakan koma gefe guda, gari ya koma gefe guda, ba wanda ya ba su umarni. Haka taki yake. In an zuba haɗi ya yi tsibi a sito, manyan ƙwayoyi sukan gangara gefe, ƙananan su taru a tsakiya, sai buhun da aka cika da farko ya bambanta da wanda aka cika daga baya. In an loda a mota, kowane rami da ke kan hanya faifai ne, ƙananan suna silalewa ta tsakanin manyan suna sauka gindin buhu. Ku tuna irin hanyoyin da ke shiga ƙauyukanmu, sa'an nan ku ƙara da na amalanke da bayan babur. Kafin buhun ya isa gona an bakace shi sau dubu.

Abin takaici kuma, talaka ba ya sayen buhu cikakke. Da mudu yake saye, ko da kwano, daga buhun da ɗan kasuwa ya buɗe ya ajiye a rumfa. Wanda ya zo da safe ya sami na sama, wanda ya zo da la'asar ya sami na ƙasa. Kuɗinsu ɗaya, kayansu daban. Mai na sama ya kwashi ciko, shukarsa ta kwana da yunwa. Mai na ƙasa ya kwashi yuriya fiye da ƙima, in ya zuba kusa da gindi ƙasa ba laima sai shukar ta ƙone. Dukansu biyu an cuce su, kuma ba wanda zai iya kai ƙara, domin abin da aka rubuta a jikin buhu gaskiya ne a kan buhun duka, ƙarya ne a kan kowane mudu.

Har ila yau akwai maganar gari. Ƙwaya marar ƙarfi in an yi ta jifa da buhu daga mota zuwa sito, daga sito zuwa kasuwa, sai ta zama ƙura. Yuriya kuwa mayen laima ne, garinsa ya fi saurin shan raɓa, a cikin iskar Yuli da Agusta sai ka ga buhu ya dunƙule ya zama curi, sai da taɓarya. Wanda aka watsa a kan ƙasa ba a rufe ba, in rana ta buga shi, wani kashi nasa yakan tashi sama ya bi iska, irin warin nan da ke tashi a turken dabbobi. Kuɗin talaka ke nan ke tafiya. Sa'an nan buhun da ya riga ya zama gauraye da gari da curi da manya da ƙanana, shi ne mafakar mai mugun nufi, domin a cikinsa ne yashi ko gishiri za su ɓuya ido bai gane ba.

DA MUKA SAYAR AN TANKAƊE

Yanzu sai mu juyo ga masu cewa wannan ƙaramar magana ce. Iyayenmu da suka noma gyaɗar da aka gina dala da ita a Kano suna nan, wasunsu da rai, a tambaye su. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi, ba a taɓa karɓar kayan talaka da ido rufe ba. Da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954, akwai malaman duba amfanin gona a wuraren awo. A soka buhu, a ɗebo, a tankaɗe, a duba yashi da tsakuwa da ɓawo. In an sami algus a mayar wa mutum da kayansa, wani ma ya gurfana gaban alƙali. A shekarun 1950 har aka fito da daraja ta musamman ga gyaɗar da ƙwayarta ba ta farfashe ba, aka matsa wa manomi ya bar fasa ta a turmi ya koma injin ɓarewa na hannu. Ashe Gwamnati ta san darajar ƙwaya! Ashe ta san bambancin ƙwaya cikakkiya da farfasasshiya, muddin Bature ne zai saya a Ingila!

Yau ma ba a fasa ba. Ka kai riɗi ko waken suya ko zoɓo kasuwar Dawanau ka gani. Za a buɗe, a damƙa, a sheƙe, a ɗora a sikeli, a cire maka kuɗin ƙasa da na buhu. Ba mu ce kada a yi haka ba, mai saye yana da haƙƙin ya san abin da ya saya. Tambayarmu ita ce, in talaka zai sayar akwai rariya da sikeli, to in zai saya ina suke shiga? Mudun da ka auna wa mutum da shi, ai da shi ya kamata a auna maka. Malam Aminu Kano da mutanen NEPU, tun daga kafa ta a watan Agusta na 1950, irin wannan awo biyu suka yaƙa, ɗaya na mai ƙarfi ɗaya na marar ƙarfi. An kawar da wasu abubuwan da suka yaƙa, haraji da jangali sun tafi a Kano a zamanin Abubakar Rimi, amma awo biyu yana nan, ya sauya riga ne kawai ya shiga buhun taki.

Kada kuma wani ya ce ƙasar nan ba ta iya yin ƙwaya mai kyau ba. Masana'antar Onne ta fara aiki tun 1987. Ta Indorama a Eleme ta fara fitar da yuriya a 2016. Ta Dangote a Lekki, wadda aka buɗe a watan Maris na 2022, an gina ta don yin tan miliyan 3 a shekara. Jiragen ruwa suna ɗaukar yuriyar Nijeriya zuwa Barazil da Amurka da Indiya. Manomin can da inji yake watsa taki, in ƙwaya ba ta daidaita ba manya su yi nisa ƙanana su faɗi kusa, gonar ta fito zane-zane, don haka tun a takardar ciniki ake rubuta girman ƙwayar da zai karɓa. Kayan da ya isa ya tsallake teku ya ci jarrabawar baƙo, me ke samunsa tsakanin bakin teku da kasuwar ƙauye? Hannu nawa yake ratsawa, wa ke buɗewa, wa ke sake ɗinkewa, wa ke haɗa shi da abin da ba girmansu ɗaya ba don ya fi araha?

DOKA TANA BARCI

Masu mulki ba za su ce ba a faɗa musu ba. A watan Yuni na 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga takin da ake zubawa daga wajen kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace kadada kafin 2015. A 2012 ƙungiyar ECOWAS ta kafa ƙa'idar kula da ingancin taki a ƙasashenta. A 2013 hukumar bunƙasa taki ta duniya, IFDC, ta fitar da sakamakon samfurin da ta ɗebo a kasuwannin ƙasashe biyar har da Nijeriya, ta nuna cewa takin haɗi shi ya fi yawan kasa cika abin da aka rubuta a jikinsa, kuma ana samun buhunan da ba su cika awo ba. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kula da ingancin taki, wadda ta ce sai da rajista za a yi taki ko a haɗa ko a sayar, ta tanadi masu duba kaya, ta tanadi hukunci har da ɗauri ga mai algus da mai tauye awo.

Takarda dai ga ta nan, ta yi kyau a cikin kabad. Amma muna tambayar jama'ar karkara, wa ya taɓa ganin malamin duba taki a rumfar kasuwar ƙauyensu, da rariyarsa da sikelinsa? Mai karɓar kuɗin rumfa ba ya fashi ran kasuwa. Mai karɓar kuɗin tsayawar mota ba ya makara. Duk ma'aikacin da aikinsa karɓa ne daga hannun talaka ya san hanyar ƙauye sarai, wanda aikinsa kare talaka ne shi kaɗai ne motarsa ba ta da mai.

In an matsa su sai su ce laifin manomi ne, bai iya zuba taki ba, jahili ne. Subhanallahi! Mutumin da kakanninsa suka ciyar da birnin Kano shekaru ɗaruruwa daga gona ɗaya ba ta mutu ba, shi ne jahilin ƙasa? Wa ya aiko masa malamin gona ya ƙi saurara? Wasu kuma su ce ai ana raba taki kyauta ko da rangwame, sai a yi godiya. Mun ga irin rabon. Yakan zo bayan dawa ta yi ciki, ya bi ta hannun 'yan jam'iyyar da ke ci, a ɗauki hoto, mutum biyar su raba buhu. In an raba buhun haɗi tsakanin mutum biyar da kwano, ai an sake maimaita labarin dattijonmu da ƙanensa sau biyar. Kuma kuɗin da aka sayo takin da shi daga baitulmalin jama'a ya fito, ba daga aljihun mai rabon ba. Kyautar da aka yi maka da kuɗinka, kana da ikon ka buɗe ka duba.

Rashin mai dubawa yana cutar ɗan kasuwa mai gaskiya ma. A ƙasar Tanzaniya masu bincike sun ɗebo yuriya daga shaguna suka auna, suka tarar kusan duk ƙarfinsa ya cika, amma manoma da yawa sun yi imani jabu ne saboda sun gan shi a dunƙule ko ya sauya kama, don haka suna jin tsoron saye. Ka ga inda babu alƙali, mai gaskiya da maƙaryaci farashinsu ɗaya, manomi kuwa sai ya janye hannu, gona ta kwana da yunwa.

Da a ce ana so a taimaki talaka, girman ƙwayar nan kansa makami ne. A ƙasar Bangaladash manoman shinkafa suna amfani da yuriya da aka dunƙule kamar ƙwallon magarya, a tura shi cikin taɓo zurfin santimita 7 zuwa 10 tsakanin gindi huɗu, sai ya riƙa narkewa a hankali, iska ba ta ɗauka ruwa bai wanke ba, a zuba kaɗan a girbe da yawa. An kawo dabarar nan Nijeriya, ga masu noman rani a Watari da Tomas da za ta amfana. A Nijar kuma, masana na ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun koya wa manoman gero su zuba giram 2 zuwa 6 a kowane rami, da tsinken yatsu ko murfin kwalba. Wannan dabara ta mai ƙaramin ƙarfi ce, ta dace da ƙasarmu ƙwarai. Amma ku duba, in murfin kwalba ne ma'auninka, haɗinka kuwa ya rabu, wani rami zai sami yuriya zalla, na kusa da shi ya sami dutse zalla. Duk sa'ad da ma'auni ya ƙanƙanta, daidaiton ƙwaya yake ƙara zama wajibi. Watau wanda ya fi kowa talauci shi ya fi kowa bukatar ƙwaya mai kyau, kuma shi ake kai wa mafi muni.

ABIN DA MUKE NEMA

Jam'iyyarmu ba ta kuka ba tare da ta faɗi magani ba. Ga abin da muke nema daga Gwamnatin Tarayya da ta Jiha da ƙananan hukumomi:

Na ɗaya, a tashi dokar 2019 daga barci. A sa malamin duba taki a kowace babbar kasuwar karkara daga Mayu zuwa Agusta, da sikeli da rariya, manomi ya auna buhunsa kyauta kafin ya biya.

Na biyu, duk mai haɗa taki a tilasta masa ya tankaɗe kayansa kafin ya gauraya, kada ya haɗa ƙaramar yuriya da manyan ƙwayoyi. Kamfanin KASCO mallakar jama'ar Kano ne, shi ya kamata ya zama zakaran gwajin dafi, ya buga girman ƙwayarsa a jikin buhu, sauran su bi.

Na uku, a rubuta abin da ke cikin buhu da Hausa, da boko da ajami, tare da sunan wanda ya haɗa da watan da aka haɗa.

Na huɗu, a fito da ƙananan buhuna a rufe, na kilo 5 da kilo 10, domin mai ƙaramin ƙarfi ya daina sayen na buɗe da mudu.

Na biyar, duk takin da aka saya da kuɗin jama'a a gwada shi a bainar jama'a kafin a raba, a raba shi kafin shuka, kuma kada a tambayi kowa katin jam'iyya.

Kafin su farka, ku kuma 'yan'uwa ga abin da za ku yi da hannunku. In kun haɗa kuɗi kun sayi buhun haɗi, kada ku raba sai kun juye shi duka a kan tabarma kun gauraya sosai, sa'an nan ku auna. In yuriya ce, ku jefa kaɗan a ruwa: ta gaske takan narke duka ruwan ya yi sanyi, yashi kuwa zai kwanta. Ku ɗora kaɗan a cokali a kan wuta: yuriya takan narke ta yi wari, gishiri ba ya narkewa. Ku guji buhun da ya dunƙule ko aka yi masa ɗinki biyu. Kada ku ajiye taki a kan daɓe, ku ɗora shi a kan katako ku ɗaure bakinsa. In za ku zuba, ku tona ɗan rami nesa kaɗan da gindi ku rufe, lokacin da ƙasa ke da laima. In kuwa kun ga abin da ba ku yarda da shi ba, ku ƙulla kaɗan ku kawo ofishin jam'iyya mafi kusa da ku tare da buhun, za mu rubuta, za mu tara, za mu kai inda ya kamata.

Dattijon nan da zai tafi ya nemi mu bar masa rariyar, muka ce ta aro ce. Ya ce to zai sayi tasa ran kasuwa. Muna fata kowane ƙauye ya yi haka. Amma muna gaya wa masu mulki, ba aikin tsoho mai shekara saba'in ba ne ya yi wa Gwamnati aikin da aka kafa doka aka ware albashi dominsa. Ku aiko da rariya tun kafin damina mai zuwa. In kun ƙi, akwai ranar da talaka ke riƙe da tasa rariyar, ranar da ake jefa ƙuri'a, kuma a ranar zai san tsaki ya san gari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba talaka sawaba. Amin.

Daga Akawun Jam'iyya